Allura A Kwatangwalon Jariri: A Bar Likita Ya Tabbatar Ta Kai Inda Aka Aike Ta

 

A wannan fitowa ba maganar naƙuda zan yi muku ba. Zan yi magana ne a kan wani abu da kan taso bayan an haihu, sau da yawa tun maijego ba ta yi arba'in ba. Galibinku ba za ku gamu da shi ba, in Allah ya yarda. To amma wadda ta gamu da shi ba za ta sami sararin doguwar shawara ba, shi ya sa na ga gara ki ji shi tun yanzu da cikinki, kina zaune a kan bencin awo, hankalinki a kwance.

Akwai wata yarinya, haihuwar fari, da aka kawo mana daga wani ƙauye ta wajen Ɓaure. Jaririnta namiji, kwanansa 19 a duniya. Kakarsa ce ta fara lura cewa ba ya wutsil-wutsil da ƙafar hagu kamar yadda yake yi da ta dama, kuma da zarar an ɗaga ƙafar za a canza masa ƙunzugu sai ya ƙwalla ƙara. Jikinsa babu zafi sosai. Aka ce targaɗe ne ya samu wajen wanka, aka kai shi wurin maɗori ya ja ƙafar. Bai yi sauƙi ba. Aka kai shi wani wuri, mai duba shi ya yi zargin ko ruwa ne ya taru a gaɓar, ya tsira masa allura a matsematsi da ka, babu hoto babu komai, ya ja sirinji bai ga komai ba, ya ce su koma gida da maganin zafin jiki. Sai bayan kwana uku, da yaron ya fara ƙin mama, sa'an nan suka iso wurinmu.

Da aka ɗora masa na'urar sikanin, irin wadda ake duba muku ciki da ita, sai ga ruwa ya cika gaɓar. Likita ya ce sai an sa allura an zuƙo a ga ko wane irin ruwa ne. Nan kakar ta janyo ni gefe ta ce, "Sista, ai an riga an soka masa ba a ga komai ba. Sau nawa za a huda ɗan mutum? Ko dai koyo za a yi a kansa?"

Na ce, "Inna, in kika zura guga a rijiya kika jawo shi ba ruwa, za ki ce rijiyar ta ƙafe?" Ta ce, "A'a, sai na duba ko igiyar ce ba ta kai ba." Na ce to maganar ke nan. Ko rijiyar Kusugu ce, mai gajeriyar igiya zai iya rantsewa babu ruwa a cikinta.

Wannan shi ne ra'ayina, kuma shi nake so ya zauna muku: kalmar "an soka ba a ga komai ba" ba ta da amfanin komai sai in an tabbatar cewa bakin allurar ya shiga cikin gaɓar. In ba a tabbatar ba, to ba gwaji aka yi ba, canki-canka aka yi. Kuma cankin da ya ce lafiya lau alhali akwai ciwo ya fi rashin gwajin ma haɗari, domin kuwa yana mayar da mutane gida da kwanciyar hankali.

Bari in yi muku bayanin wurin, don ku ga dalilin wahalarsa. Gaɓar kwatangwalo ita ce inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙugu. Kan ƙashin cinyar a dunƙule yake, yana zaune a cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo, sa'an nan wata jaka mai ƙarfi ta lulluɓe su duka. Ba kamar gwiwa ba ce da za ki taɓa ki ji kumburi. Tana can ciki, nama ya rufe ta ta kowane ɓangare. A jikin sabon jariri kan ƙashin bai wuce girman ɗan kanya ba, kuma duk guringuntsi ne, bai zama ƙashi ba tukuna. Sai ya kai kamar wata 4 zuwa 6 ƙashi ke fara tsirowa a tsakiyarsa. Saboda haka hoton ƙashi, wato eksire, ba ya nuna shi a watannin farko. Bugu da ƙari, ta gaban gaɓar ne babbar jijiyar jini mai kai jini ƙafa ta wuce, da jijiyar da ke dawo da shi, da jijiyar motsi, suna jere a matsematsi. Ta baya kuma akwai wata babbar jijiyar motsi da ta ratsa ɗuwawu ta gangara har tafin ƙafa. A tsakanin waɗannan ne ake so allura ta bi ta faɗa cikin wani ɗan fili ƙanƙane. Ko ƙwararren likita in ya yi da ka yana iya kuskure.

To yaya ake tabbatarwa? Hanya ta farko ita ce gani da ido. Likita na riƙe da na'urar sikanin da hannu ɗaya, allura a ɗaya hannun, yana kallon allon. Allurar takan fito kamar wani farin layi, yana binta har ya ga bakinta ya huda jakar ya shiga cikin ruwan. Gani ya kori ji. Hanya ta biyu a ɗakin tiyata ake yinta, da wata na'urar eksire mai nuna hoto nan take. Da farko likita zai laluba ya ji bugun jijiyar jini don ya kauce mata, ya tura allurar, ya ɗauki hoto ya ga inda ta tsaya. Zai fara zuƙa tukuna. In ba abin da ya fito, sai ya tura ɗan ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. In allurar tana cikin gaɓa ruwan zai shige salin-alin, kuma sau da yawa ya dawo cikin sirinji. In ya ji turjiya, to bakin allurar na cikin guringuntsi ko cikin jikin jakar, sai a gyara. Daga nan sai a ɗiga wani ruwa mai fitowa a hoto, ɗigo kaɗan kawai. In yana cikin gaɓa zai gudu ya bar bakin allurar ya kewaye kan ƙashin kamar an zana shi da alƙalami. In kuwa ya dunƙule a bakin allurar, ko ya bi tsawon nama, to a waje take. Sai a tsaya, a janye, a sake saiti.

Wannan tsayawa da sake saiti ita ce mutanenmu ke fassarawa da rashin iyawa. Na sha jin ana cewa, "Wancan likitan sau ɗaya ya soka ya gama, wannan kuwa sai dube-dube." Ni dai in ɗana ne, mai dube-duben nake so.

Me ya sa ake gaggawa haka? Domin ruwan nan yana iya zama mugunya. Ƙwayoyin cuta kan shiga jinin jariri ta cibiya, ko ta wani ƙurji a fata, ko ta tsagar da aka yi da aska, su je su sauka a ƙashin cinya. A jikin jariri ƙananan jijiyoyin jini sun ratsa daga ƙashin har cikin guringuntsin, don haka ciwon ba ya daɗewa yake faɗawa cikin gaɓa. Mugunya na cin guringuntsi, kuma in ta cika jakar takan matse jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, har ma ta turo shi waje daga gurbinsa. Cikin sa'o'i ɓarnar take farawa. Jaririn da aka wanke wa gaɓa a kwanakin farko yakan warke sarai. Wanda aka bari ya wuce kwana 4 ko 5 kuwa, ana jin tsoron kan ƙashin ya lalace, ƙafa ta gajarce, ya tashi da ɗingishi na har abada. Tun shekarar 1874 wani likitan Ingila mai suna Thomas Smith ya bayyana wannan ciwo na jarirai, ba sabon abu ba ne. Sikanin yana nuna akwai ruwa, amma ba ya faɗin irinsa. Allura ce ke faɗa. Abin da aka zuƙo kuma ana kai shi ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta.

Wasu tsofaffi sukan ce ai wannan sakiya ce, wanzami ma zai iya. Ba ɗaya ba ne. Sakiya ta maruru ce da ake gani a waje. Mugunyar da ke cikin gaɓa ba ta nuna baki, kuma ƙarfen da aka tura can da ka, in bai sami jijiya ba, zai ƙara shigar da wasu ƙwayoyin.

Ga abin da za ki lura da shi a gida. Jariri mai lafiya ƙafafunsa biyu yake harbawa. In ɗaya ta kwanta, ya lanƙwashe ta ya juya ta waje ba ya so a taɓa, yana kuka in ana masa wanka ko miƙa ko canza ƙunzugu, to a ranar za a je asibiti, ba gobe ba. Kada ki jira zazzaɓi, jarirai da yawa ba sa yinsa ko da ciwon ya yi tsanani. Kada a ja ƙafar, kada a gasa ta, kada a ce shan inna ce a zauna. Ko da ita ce ma, asibiti za a kai. Ke kuma mai haihuwar fari, na san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, na san ba kya so a ga kina rawar jiki a kansa a gaban surukai. Amma ke ce kike ba shi mama dare da rana, ke za ki fara gani. Ki faɗa wa Inna ko Yaya a ɗaki in ba za ki iya faɗa a tsakar gida ba.

Cibiya kuma a bar ta da maganin da muke ba ku, wato kilohezidin mai kama da man shafawa, a shafa da hannu mai tsabta, a kiyaye kada ya taɓa ido. Ban da man goge baki, ban da toka, ban da gashi da tsumma.

Akwai wani dalili na biyu da ke sa a sa allura a wannan gaɓa, shi ba na gaggawa ba ne. Wasu jariran ana haihuwarsu gurbin bai yi zurfi ba, kan ƙashin yana zamewa ko ma ya fita gaba ɗaya. Ya fi samun 'ya'ya mata, da 'ya'yan fari, da waɗanda suka zauna a ciki da ɗuwawu ƙasa, da waɗanda akwai mai irinsa a danginsu, kuma ya fi kama ƙafar hagu. Ba ya ciwo, shi ya sa yake ɓoyewa har sai yaro ya fara tafiya. In kin ga mun kwantar da jaririnki bayan haihuwa muna buɗe cinyoyinsa muna rufewa, wannan muke nema. Wani likitan yara na Italiya, Marino Ortolani, shi ya bayyana wannan gwaji a 1937, sa'an nan Barlow na Ingila ya ƙara nasa a 1962. A 1980 kuma Reinhard Graf na ƙasar Ostiriya ya fito da hanyar auna gaɓar da sikanin. In a awo an ce miki ɗanki a zaune yake, ki tuna wa ungozoma bayan kin haihu, ko da ya juya daga baya ko an yi miki aiki, don a duba shi da kyau, a kuma yi masa sikanin wajen mako 6.

A nan dai mun yi dace da al'ada. Goyo yana ware cinyoyin yaro ya lanƙwasa su, wanda shi ne ainihin zaman da ke sa kan ƙashi ya nutse a gurbinsa. A ƙasar Malawi, inda mata ke goyo kamar mu, an bincika bayanan yara sama da 40,000 da aka gani a wani asibitin ƙashi cikin shekara 10, aka buga sakamakon a 2015, ba a sami jaririn da aka yi wa aiki saboda wannan matsala ba. A Japan kuwa, inda a da ake naɗe jarirai ƙafafu a miƙe, matsalar ta yi yawa, sai da aka yi gangamin hana wannan naɗi a wajen 1975 sa'an nan ta ragu ƙwarai. Don haka ku riƙe zanen goyonku. Abin da ban so shi ne sabon yayin naɗe jariri tamau a cikin shawul, ƙafafu a haɗe a miƙe kamar sanda. A rufe shi saboda sanyi, amma a bar wa ƙafafu wurin motsi.

In an gano gocewar kafin wata 6, yawanci wata 'yar ɗamara mai maɗauri ake sa wa yaro ta riƙe ƙafafun a ware na wasu makonni, babu allura babu yanka. In ya wuce haka, zuwa kamar shekara ɗaya da rabi, sai an sa shi barci a tiyata a mayar da ƙashin, a sa masa siminti daga ƙirji zuwa ƙafa na kusan wata 3. A nan ne hoton da ake yi da allura yake da muhimmanci. Tunda guringuntsi ba ya fita a eksire, sai ruwan hoton nan ya kewaye shi likita zai ga ko kan ya zauna daram, ko kuwa akwai naman da ya tokare shi. Abin da ake zubawa duka bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. To in aka yi garaje aka zuba shi a wajen gaɓa, sai ya bazu ya dushe hoton, ba za a ƙara ganin komai da kyau ba a wannan zaman. Ka ga an sa yaro barci a banza, ko kuma a rufe shi da siminti wata uku ƙashi bai koma ba. 'Yan mintocin da likita zai ɓata yana gwada wurin allura su ke hana wannan.

Ba zan ce muku abin ba shi da haɗari ko kaɗan ba. Maganin barci yana da nasa, shi ya sa ake cewa a daina ba da mama awa 4 kafin a shiga, madarar gwangwani ko abinci kuma awa 6. Ki faɗi gaskiya in kin ba shi, ba za a yi miki faɗa ba, ɗaga lokacin za a yi. Ruwan hoton yana da sinadarin aidin, kuma jefi-jefi akan sami wanda jikinsa bai karɓe shi ba, saboda haka a gaya wa likita in yaro ya taɓa samun matsala da wani magani. Hasken eksire kaɗan ake amfani da shi, amma in kina da wani cikin kada ki tsaya a ɗakin, ki bar wani ya riƙe yaron. Haka nan ke mai sikila da ciwon kwatangwalo ya dama, in za a yi miki hoto ki fara faɗin cewa kina da juna biyu.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin. Mukan miƙa wa uba takardar Turanci mu ce sa hannu nan, ba mu zauna mun yi bayani da Hausa ba. Mutumin da bai gane abin da za a yi wa ɗansa ba, in ya ƙi, ban ga laifinsa sosai ba. Maganar koyo kuma da kakar nan ta yi, gaskiya ne asibitin koyarwa akwai ɗalibai, amma haƙƙinku ne ku san wanda zai yi aikin da wanda ke tsaye a kansa. Ku yi tambaya. Malam, ka ce wa likita: da wace na'ura za a ga allurar? Yaya za a san ta shiga? In ba a sami komai ba, mene ne mataki na gaba? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In kuma a ƙaramin asibiti ne aka ce muku babu na'urar ko babu mai yi, aka ba ku takardar zuwa gaba, to wannan ma'aikacin ya yi muku adalci, ya fi wanda zai ce bari in gwada.

Na san nisa da kuɗin mota ba wasa ba ne. Mutumin Zango ko Mai'aduwa ko Sandamu sai ya fara shigowa Daura, daga nan ya kama hanyar Katsina, kusan kilomita 80, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko ya bi ta Kazaure zuwa Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala. Shi ya sa nake roƙon magidanta, cikin tanadin ragon suna da kayan barka a ware wani abu a ajiye, kada a taɓa shi sai an yi arba'in. Sa'an nan in za ka yi tafiya, fatauci ko ci-rani, ka bar izini a bayyane a gaban mahaifiyarka da matarka cewa in jariri ya rikice a tafi asibiti, kuma ka ambaci wanda zai sa hannu a madadinka.

Tunda maganar allura ake, bari in ƙara wannan a gurguje. Ba a yi wa jariri allura a ɗuwawu. Naman wurin bai yi kauri ba, kuma jijiyar nan da na ambata tana kusa. In allura ta same ta ƙafa na iya saki, yaro ya riƙa jan tafin ƙafa. Shi ya sa allurar rigakafi ta mako 6 da 10 da 14 a gefen cinya ake yinta. Duk mai kemis ɗin da ya ce ki kifa jariri zai tsira masa a ɗuwawu, ki ɗauke ɗanki.

Shi wancan yaro na wajen Ɓaure, mahaifinsa yana kasuwa a tsallaken iyaka, wayarsa ba ta shiga. Tun hantsi muke nema, sai bayan la'asar aka same shi ya ce a yi. Likita ya bi allurar da ido a allo har ta shiga, ya ja, sirinji ya cika da mugunya. Na fito da shi na nuna wa kakar, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. A daren aka buɗe gaɓar aka wanke, ya yi makonni yana karɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya rayu, kuma ya yi tafiya. Ƙafar hagun ta ɗan fi ta dama gajarta, likitocin ƙashi sun ce sai sun riƙa auna ta har ya gama girma kafin su san ko za a yi masa wani aikin. Kakar ce ke kawo shi duk ranar da aka ba su, da katinsa a ƙulle a bakin zane.